Wasiƙa Ga Iyaye: Gwajin Ji Ga Ɗalibanmu Da Ganin Likitan Kunne Ta Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku iyaye da masu riƙon yaranmu, muna gaishe ku, muna yi muku barka da hutu da fatan an kammala aikin gona lafiya. Wasiƙar wannan zango magana ɗaya ta ɗauko, ita ce ta kunnuwan 'ya'yanmu. Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, kuma a tabbatar ta shiga cikin gida ta isa ga iyaye mata, domin su suka fi mu sanin wane yaro ne ke kwana yana sosa kunne.

Bari in fara da abin da ya tayar da maganar. Shekarun baya akwai wata yarinya a aji uku da duk muka yi wa shaidar kunnen ƙashi. A kira ta sau uku ba ta waiwayo ba, a yi shifta ta rubuta abin da ba shi aka faɗa ba. Ni kaina na taɓa tsayar da ita a gaban aji ina yi mata faɗa, abin da har yau yake damuna in na tuna. Wata malama ce ta lura cewa in ana magana yarinyar ba allo take kallo ba, bakin mai magana take bi da ido, kuma kullum gefe ɗaya take karkatowa. Da aka tambayi mahaifiyarta, sai ta ce ai tun tana goye kunnenta na dama yake zubar da mugunya, ya tsaya ya dawo, har sun saba. Shekara uku muna hukunta yarinya a kan abin da ba ta ji ba.

Irin wannan yaro ba kurma ba ne, shi ya sa yake ɓoyuwa. In aka ɗaga murya yana ji, sai a ce ai in ya ga dama yana ji. Abin da ke kuɓuce masa shi ne ƙananan sautuka marasa ƙarfi irin su "s" da "f" da "sh". Malam ya ce "fata", shi ya ji "sata". A ce "fara", ya rubuta "sara". A ɗaki mai yara da yawa, ga surutu, ga shi a bencin baya, rabin darasi iska ke tafiya da shi. A makarantar allo ma haka ne, ana biya masa yana tuntuɓe a harafi ɗaya, ana cewa ba ya mai da hankali. Tun ana ce masa daƙiƙi yana jin zafi, har ya yarda, ya daina ɗaga hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar kan ji a shekarar 2021, ta ce akwai yara kimanin miliyan 34 a duniya da raunin jinsu ya kai a nema musu taimako. Ta kuma ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da za a iya kaucewa yake fitowa. Waɗannan abubuwa kuwa duk mun san su a garin nan. Akwai ciwon kunne da ke biyo bayan mura, musamman lokacin hunturu. Tsakanin maƙogwaro da cikin kunne akwai wata 'yar hanya, a yara gajeriya ce kuma a kwance take, don haka ƙwayoyin cuta ba su sha wahalar hawa. Ruwa ya taru a bayan dodon kunne, wani lokaci ba zafi ba zazzaɓi, sai dai yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne da auduga. Wani lokaci kuma dodon ya fashe, mugunya ta fito. Akwai ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa. Akwai wasu allurai irin su jentamaisin, masu amfani ne a hannun likita, amma in aka yi su barkatai a kyamis suna iya kashe ji, ba kuma ya dawowa. Sai sanƙarau. Manyanmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Arewa ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai da dama da suka tashi ba ji.

Ga yadda aikin zai kasance. A mako na biyu da dawowa, ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na garinmu za su zo makaranta, aji-aji, za mu fara da 'yan aji ɗaya. Mun ware ofishina don shi ne ya fi nisa da titi, kuma mun roƙi mai injin niƙa na bayan katanga ya dakata da safe a ranakun, ya amsa, Allah ya saka masa. Za a sa wa yaro abin sauraro a kunne wanda aka haɗa da waya. Wayar za ta fitar da sauti mai kauri, da matsakaici, da siriri, kowanne ƙarfinsa bai wuce raɗa ba, kunnen dama daban na hagu daban. In yaro ya ji sai ya ɗaga hannu. Daga nan a leƙa kunnen da wata 'yar fitila mai kyamara. Ba allura, ba ɗibar jini, ba abin sha, ba kuma kuɗi. Minti kaɗan an gama. Na jaddada wannan ne saboda na san in an ce ma'aikatan lafiya za su shigo makaranta zukata kan tashi, kuma ba na ganin laifin kowa. Duk uba ko uwar da ke son tsayawa ta gani da idonta, ƙofa a buɗe take. Yaron da ba a sa hannu ko dangwale a takardarsa ba, ba za a taɓa shi ba.

Gwajin shi ne mai sauƙi. Inda ake yin asarar yara shi ne bayan gwaji. A ba uba takarda a ce ya kai ɗansa wajen likitan kunne, alhali likitocin kunne ƙalilan ne kuma a manyan birane suke, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Uba ya lissafa kuɗin mota na mutum biyu, da na abinci, da wurin kwana, da yinin kasuwa ko gona da zai rasa, ga yaro yana wasansa ba ya kuka. Sai a linke takarda a sa a ƙarƙashin katifa. Wannan ba sakaci ba ne, nauyi ne ya yi yawa, kuma ba mu kaɗai ke fama da shi ba.

A can jihar Alaska ta Amurka akwai ƙauyuka da ba titin da ya kai su, sai ƙaramin jirgin sama, kuma yaransu na fama da ciwon kunne sosai. Masu bincike sun gwada hanya biyu a garuruwa 15 na yankin da ake kira Norton Sound, aka buga sakamakon a 2022. A wasu garuruwan an bi tsohuwar hanya, wato a aika wa iyaye takarda. A sauran kuwa, yaron da bai tsallake gwaji ba sai a kai shi ƙaramin asibitin ƙauyen, ma'aikacin wurin ya ɗauki hoton cikin kunne ya tura wa ƙwararre ta intanet. Ta hanyar takarda, kusan kashi 32 cikin 100 ne kawai aka duba. Ta hanyar tura hoto, kusan kashi 68, kuma cikin lokaci mafi gajarta. Abin da ya ja hankalina shi ne ba wani sabon magani aka ƙirƙiro ba, tafiyar ce aka ɗauke wa iyaye.

Wannan hanya ta biyu za mu bi. Yaron da bai tsallake ba za a sake gwada shi, don mura ko tsoro ko hayaniya na iya sa ya kuskure. In ya sake faɗuwa, za mu aiko a kira ku, ba takarda kaɗai ba, malamin ajinsa zai zo har gida. Sai ku raka shi asibitinmu na nan. Ma'aikacin lafiya zai ɗauki hoton dodon kunne, ya haɗa da sakamakon gwajin da amsoshin da kuka bayar, ya tura wa likitan kunne a birni. Ba sai an yi magana kai tsaye ba, saboda haka ko sabis ya yi rauni saƙon zai tafi in ya dawo. Kunnen kawai ake ɗauka, ba fuskar yaro ba, kuma sakamakon tsakaninku ne da ma'aikatan lafiya, sai abin da kuka yarda a gaya wa malamin aji.

Amsar likita iri-iri ce. Wani dauɗa ce ta cushe, a wanke a nan a gama. Wani maganin ɗigawa ne da koya wa uwa yadda za ta tsane kunnen. Wanda ruwa ya taru masa a bayan dodo, sau da yawa yakan janye da kansa cikin wata uku, sai a sa masa ranar sake dubawa. Waɗanda za a ce lallai su je birni, don gwaji mai zurfi ko na'urar ƙara ji ko aikin gyaran dodon kunne, za su tafi ne da ranar ganin likita a hannu, da sanin abin da ya kai su. Ba zan ɓoye muku ba, magani da na'ura ba kyauta ba ne. Kwamitin iyaye da malamai zai zauna kan yadda za a tallafa wa wanda abin ya fi ƙarfinsa, kuma ina fatan masu hali a cikinmu za su halarta.

In kuma aka samu yaron da jinsa ya tafi ƙwarai, karatunsa bai ƙare ba. Akwai maganar hannu, harshe ne cikakke da kurame ke yi a ƙasar Hausa tun da daɗewa, akwai kuma makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano. A nan makaranta, duk yaron da aka gano yana da rauni za mu dawo da shi bencin gaba, kunnensa mai kyau ya fuskanci malami, kuma na umarci malamai su daina magana suna fuskantar allo.

Kafin ranar, ina da roƙo. A daina sa wa yara tsinken ashana ko na tsintsiya ko gashin kaza a kunne, har da auduga mai tsinke ta kanti, tura dauɗar ciki take yi. Kunnen da ke zubar ruwa kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye, don dodon a huje yake, abin da aka zuba ciki zai wuce. A hana mai irin wannan kunne nutso a kududdufi da rafi. Mari a kunne yana fasa dodo, wannan na gaya wa malamaina da babbar murya, ina kuma gaya wa gida. Iyaye mata a duba katin rigakafi na ƙannensu, allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, ta sanƙarau ma tana cikin jerin.

Takardar amincewa tana manne da wannan wasiƙa. A bayanta akwai 'yan tambayoyi: ko kunnen yaro ya taɓa zubar ruwa, ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko ya yi jinkirin fara magana, ko akwai mai raunin ji a dangi. A dawo da ita ta hannun yaro kafin ƙarshen makon farko. Wanda rubutu zai ba shi wahala ya zo ofis kowace safiya kafin tara, za mu cike tare. Ƙannen da ba su shiga makaranta ba, da almajiran unguwa da malamansu suka amince, a kawo su a rana ta ƙarshe bayan an gama da azuzuwa.

Allah ya raya mana su, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani.

Wassalam,
Shugaban Makaranta, a madadin malamai da kwamitin iyaye