Wasiƙa daga Udupi: wanda aka damƙa wa makulli da ludayi

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya Inna da yara. Ni lafiya lau alhamdulillah, karatu ne ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu, ga zafi, nan ko a Janairu gumi kake yi babu ruwansu da hunturu.

Wancan karon ka tambaye ni wai mutanen nan su waye malamansu, wa suke bi. To ga labari ya kawo kansa. Daga Manipal inda muke zaune, nan kudancin Indiya, zuwa cikin garin Udupi bai wuce kilomita 5 ko 6 ba, kuma daren Laraba wayewar Alhamis 18 ga Janairun nan na 2024 garin bai runtsa ba, abokin ɗakina ɗan garin ne shi ya ja ni tsakar dare muka je, ganguna da fitilu da masu rawa ga jama'a ba masaka tsinke. Don Allah ka gaya wa Inna ban shiga ciki ba, a bakin titi na tsaya kamar mai kallon hawan sallah.

Bikin sunansa Paryaya. Akwai wani malaminsu Madhvacharya da ya kafa wurin bautar Krishna, wani abin bautar mabiya addinin Hindu, a garin tun ƙarni na 13, ya bar shi a hannun almajiransa 8, kowanne da gidansa, wani abu kamar zawiya haka mai ɗalibai da dukiya da mabiya. Gidan suna kiransa matha, da na fara ji sai da na yi dariya don shugaban matha ba shi da mata ko ɗaya kuma ba zai taɓa yi ba har ya mutu. Swami ake ce masa. Su takwas ɗin karɓa-karɓa suke yi, da can wata bibbiyu ne, sai a ƙarni na 16 wani cikinsu Vadiraja ya mayar da shi shekara bibbiyu, ka ga kenan in ka sauka sai bayan shekara 14 layi zai sake zagayowa kanka. Bana ya faɗo kan Sugunendra Tirtha na gidan Puttige, karo na 4 kenan gare shi.

Ni da na ga taron na ɗauka sarauta aka ba mutum, ashe ɗaure shi aka yi. Abin da ake miƙa masa makullai ne da wata tsohuwar tukunya da ludayi, daga ranar kuma shekara 2 ba ya barin garin ko me ya faru. Tun kafin asuba ya tashi ya yi wanka a tafkin da ke cikin harabar, sannan ya shiga hidimar gunkin, wankewa da tufatarwa da miƙa abinci da kunna fitilu, fiye da sau 10 a rana kullum babu hutu, don su shugabannin ne kaɗai ke taɓa shi, sauran jama'a ta wata 'yar taga mai huji 9 suke leƙawa. Tsakanin wannan ga karantarwa ga baƙi ga lissafin kuɗi. Kayansa kuwa zane ne ruwan goro da sanda, shi kenan.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ciyarwa. Dubban mutane ke cin shinkafa da miya kyauta a wurin kullum, kuma nauyin a wuyansa yake, shi ya sa tun saura shekara guda yake fara shiri, a dasa ayaba saboda ganyen da ake zuba abinci a kai, a tara shinkafa, a tara itace. Itacen nan Yaya da idona na hango shi, an jera shi tsaf ya yi tsiri kamar rumbu ya fi gidan sama tsayi, na tuna yadda Inna ke faɗa in an taɓa mata itacen damina.

Su ma fa suna da rigimarsu. A al'adarsu swami ba ya tsallaka teku, shi kuma wannan ya je ƙasashen waje har Amurka, to a 2008 da layi ya zo kansa sauran suka ce bai kamata ya taɓa gunkin ba, aka yi ta ja-in-ja. Ni da na tsallako teku neman digiri sai na ja bakina na yi shiru. Wanda zai karɓa a 2026 kuma yaro ne, yana shekara 16 aka naɗa shi shugaban gidan Shirur a 2021, maganar har kotu ta je. Wannan kam bai kwanta min ba wallahi, sa'an autanmu ne fa, a ce ya bar uwarsa da sunansa na yanka tun bai san duniya ba. Abokina ya ce ai tsohon shugaban gidan Pejawara, Vishwesha Tirtha, bai kai shekara 10 ba aka naɗa shi, ya hau sau 5, ya rasu a ƙarshen 2019 yana da 88. Shi ne a azumin 2017 ya gayyaci Musulmi shan ruwa a harabar wurin, wasu 'yan addininsa suka yi masa caa bai janye ba.

Kuɗin da ka turo sun shigo, na gode Allah ya ƙara buɗi. In an samu mai tahowa a sako min kilishi da yaji da kuka, abincin garin nan ganye ne da kwakwa sai ka nemi nama ka sha tafiya. A gaishe da Inna sosai, ta ci gaba da sa ni a addu'a, jarabawa ta kusa.

Ƙaninka.