Hattara da wasu direbobin tasi a Istanbul

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu masu zuwa ƙasar Turkiyya, musamman birnin Istanbul wanda kakanninmu suke kira Santambul, a kan wata cuta da ake yi wa baƙi a motocin haya. Na daɗe ina zuwa birnin saro kaya, kuma a 'yan shekarun nan na ga yadda mutanenmu suka ƙaru a can. Ga hajiyoyi masu saro dogayen riguna da mayafai da kayan yara a Laleli da Osmanbey da Merter, ga ɗalibai, ga masu neman magani, ga kuma iyalai masu zuwa hutu don ganin masallatan Sultanahmet da Ayasofya. Kusan duk wanda na zauna da shi a masauki yana da labarin yadda wani direban tasi ya cuce shi, amma da wuya ka ji ya faɗa a gida, domin mutum ba ya son a ce an yi masa wayo a ƙasar wasu. Wannan shirun ne yake sa kowane sabon zuwa ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa.

Ni kaina an yi mini a zuwana na farko, lokacin da lira 50 take da daraja sosai. Na ɗauki tasi daga Eminonu zuwa masaukina a Aksaray bayan sallar isha'i, tafiyar da ba ta da wani nisa. Da muka isa na zaro takardar lira 50 na miƙa wa direban daga kujerar baya, na sunkuya ina tattara ledojina. Ina ɗago kai sai na ga yana nuna mini takardar lira 5, yana girgiza ta yana magana da ƙarfi cikin harshen da ba na ji, fuskarsa kamar ta wanda aka raina wa hankali. A cikin fitilar motar mai dishi-dishi na dubi takardar na ga hoton Mustafa Kemal Ataturk, wanda yake a fuskar kowace takardar kuɗi ta ƙasar, sai zuciyata ta ce mini lalle ni ne na yi kuskure. Na ba shi haƙuri, na karɓi lira 5 ɗin, na sake ba shi wata 50. Sai da na shiga ɗaki na ƙirga abin da na canzo da rana sannan na gane cewa ban taɓa riƙe lira 5 ba a wunin nan gaba ɗaya. Ya saki tawa ce a gefen kujerarsa, ya ɗauko tasa da ya tanada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda halinmu na kirki ya zama makamin da aka yaƙe ni da shi. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, ba ma son ƙirga kuɗi a gaban mutum kamar muna zarginsa, ba ma son jayayya a kan titi, kuma idan muka ji direba ya yi mana sallama ya ce mu 'yan'uwa ne a Musulunci sai mu saki jiki. Macucin direba ya san wannan sarai. Tun daga ranar, idan zan biya sai na ɗaga takardar a fili, na faɗi adadinta da baki, na nuna masa lambar da yatsa, kuma ba na sakinta sai na ga canjina a hannunsa. Babu rashin ladabi a cikin wannan, kuma direba mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Yau da hauhawar farashi ta cinye darajar lira, takarda mafi girma ita ce ta 200, kuma tafiya ɗaya tana iya cin takardu da yawa, saboda haka salon ya sauya. Yanzu sai ka ba da takardu biyar a ce huɗu ka bayar, ko a musanya ta 200 da ta 20, ko kuma a miƙo maka na'urar biyan kuɗi da kati bayan an ƙara sifiri ɗaya a kan adadin. Wanda ya ɗora katinsa bai karanta abin da ke kan allon na'urar ba zai iya biyan ninki goma, kuma ba zai sani ba sai saƙon banki ya shigo, lokacin da motar ta riga ta ɓace a cunkoso. A karanta adadin kafin a ɗora kati, a tabbata da lira aka rubuta shi, a kuma karɓi rasit.

Ya kamata in yi adalci, Edita, domin akasarin direbobin birnin mutanen kirki ne masu neman halal, kuma akwai wanda ya taɓa komowa masaukinmu da jakar wata baiwar Allah da ta manta a motarsa. Matsalar tana da tushe a tsarin sana'ar. Gomman shekaru adadin lambobin tasi na birnin ya tsaya a dubu 17 da 'yan kai, sai a baya-bayan nan aka fara ƙarawa, alhali mazauna birnin sun haura miliyan 15. Lambar ta zama kadara mai tsada a hannun masu kuɗi, yawancin masu tuƙin kuwa haya suke yi, sai sun haɗa kuɗin mai mota na yini kafin su sami nasu, kamar dai balas ɗin da masu adaidaita sahu suke kaiwa kullum a Kano. Shi ya sa za ka ga direba ya wuce ɗan gari yana tsayar da shi, ya je ya tsaya gaban baƙo mai jakunkuna. Wannan ba uzuri ba ne ga ha'inci, amma sanin sa yana taimaka wa baƙo ya gane dalilin da ya sa aka fi farautarsa a ƙofar Babbar Kasuwa ta Beyazit da dandalin Taksim da bakin ruwa na Eminonu.

Babban abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne mita. Doka ta wajabta wa tasi kunna mita, a can ana kiranta taksimetre, kuma a motoci da yawa lambobinta a jikin madubin da ke gaban direba suke fitowa, shi ya sa baƙo yakan duba bai gan ta ba ya ɗauka babu. Mu mun saba da ciniki kafin shiga mota, mun saba da shata, saboda haka idan direba ya yanka mana farashi muka taya ya rage sai mu ji kamar mun yi nasara, alhali abin da ya rage ɗin ma ya ninka na mita. Idan ya ce mitar ta lalace, a sauka tun motar ba ta motsa ba. Idan ya ce akwai farashin dare na daban, ƙarya ce, an soke wannan a Istanbul tun 2009. Sai dai akwai ƙarin da yake na gaskiya, kuma bai kamata mu ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Kuɗin ƙetare gadojin Bosforus, wato mashigin tekun da ya raba birnin biyu, da na ramin Yureshiya, hanyar mota ta ƙarƙashin tekun da aka buɗe a 2016, da na manyan hanyoyin da ake biya, duk fasinja ne yake biya a kan abin da mita ta nuna. Akwai kuma mafi ƙarancin kuɗin da ake biya ko da tafiyar gajeriya ce. Haka nan launin motar yana da ma'ana: masu ruwan ɗorawa su ne na gama-gari, masu shuɗi-shuɗi sun fi su tsada, baƙaƙe kuma sun fi duka tsada, kuma kowanne da farashinsa na hukuma.

Ko an kunna mita, da sauran aiki, domin ana iya zagayawa da kai. Masu magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma Istanbul birni ne mai tuddai da lunguna da hanyoyi masu bi ɗaya, ga teku ta raba shi biyu. Amma wayar da ke aljihunmu ta rage wannan makanta ƙwarai. Kafin a bar gida a saukar da taswirar birnin a Google Maps yadda za ta yi aiki ko babu intanet, a ajiye adireshin masauki a rubuce da harshen Turkanci, sannan idan an shiga mota a buɗe taswirar a fili yadda direba zai ga ana bin hanyar. Na lura wannan kaɗai yana sauya halin wasu. Wani lokaci direba yakan kauce don guje wa cunkoso da gaske, saboda haka a tambaye shi cikin natsuwa kafin a yanke masa hukunci. Mafi sauƙi kuma shi ne a kira motar ta manhaja irin BiTaksi ko Uber, waɗanda a can tasi na hukuma suke turowa, domin sunan direba da lambar mota da hanyar da aka bi duk suna nan a ajiye. Ko a nan ma, idan ya iso ya ce a soke kiran a yi ciniki a baki, kada a yarda.

Wurin da aka fi kama mutanenmu shi ne filin jirgi. Tun watan Afrilun 2019 jiragen fasinja da suke sauka a tsohon filin Ataturk suka koma sabon filin da ke arewa maso yammacin birnin, fiye da kilomita 40 daga Laleli, kuma mutum yakan sauka a gajiye bayan ya kwana a hanya, ba layin waya, ba lira a hannu. A nan ne wani zai tare ka tun cikin zaure, ya karɓi jakarka da fara'a, ya ce ga mota. Waɗannan tamkar 'yan kamasho ne na tasha, kuma sau da yawa motar da za su kai ka ba tasi ba ce, ta ɓoye ce wadda Turkawa suke kira korsan, ba mita, ba rajista, ba wanda za ka kai wa ƙara. Tasi na gaskiya suna kan layinsu a wajen ƙofar fita, lambarsu tana farawa da 34 sannan harafin T, kuma an rubuta ta a jikin ƙofofin motar. Ɗaukar hoton wannan lamba kafin a shiga bai fi daƙiƙa biyu ba. Wanda kayansa ba su da nauyi ma ba lalle ne ya hau tasi ba, domin motocin bas na Havaist suna zuwa har Aksaray a kan farashi sananne, jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M11 da aka buɗe a 2023 kuma yanzu yana kaiwa Gayrettepe, inda za a canza zuwa M2 a sauka a Vezneciler, kusa da Laleli. A cikin gari kuwa jirgin titi na T1 yana bi ta Eminonu da Sultanahmet da Beyazit da Laleli da Aksaray har Zeytinburnu, wato kusan duk inda ɗan kasuwarmu yake da buƙata, kuma da katin Istanbulkart guda ɗaya ake hawan jiragen nan duka.

Ina so in yi wa hajiyoyinmu magana ta musamman, domin su ne suke fitowa daga shaguna da manyan ƙunshin kaya dole sai sun nemi mota. Kada a biya kuɗi alhali kaya suna cikin but. A sauka, a sauke komai, a ƙirga, sannan a biya, domin wanda kayansa suke kulle a motar wani ba shi da bakin jayayya. Kada a buɗe jakar da daloli suke ciki a gaban direba, a ware kuɗin mota daban tun daga ɗaki, ƙananan takardu, saboda kada a ce babu canji. Idan kuma direba ya ce masaukin da aka nufa an rufe shi, ko ya ce ya san shagon da ya fi araha, to kamasho yake nema a wurin da zai kai ki, a dage a kan adireshin da aka ba shi.

Idan abin ya riga ya faru, akwai inda ake kai ƙara. Hukumar birnin tana karɓar koke a lamba 153, lambar gaggawa ta ƙasar 112 ce, kuma akwai ofishin 'yan sanda masu kula da baƙi a unguwar Sultanahmet. Ma'aikatan masauki ma sukan taimaka da fassara idan aka tsaya a ƙofarsu aka kira su kafin a biya. Amma duk wannan yana buƙatar lambar motar, ga shi kuwa mafi yawanmu sai motar ta tafi muke tunawa da ita.

Roƙona na ƙarshe ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi da Yamai ne, waɗanda suke karɓar kuɗin biza da tikiti da masauki a hannun mutanen da wasunsu ba su taɓa hawa jirgi ba. Su buga takarda ɗaya da Hausa su haɗa da tikitin kowane matafiyi, mai ɗauke da hotunan takardun lira shida da launukansu, da adireshin masaukinsa da Turkanci, da sunan tashar jirgin da ta fi kusa da shi, da kimanin abin da mita take ci daga filin jirgi a wannan watan, da lambobin kai ƙara. Ina kuma roƙon wannan jarida ta buɗe shafi ga waɗanda suka san Jidda da Alƙahira da Dubai da Guangzhou, su ma su rubuto yadda motocin haya suke a can.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano.