A Bar Masu Gyaran Waya Su Karanta Abin Da Na'ura Ke Faɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani aiki da ba a cika yabawa ba a cibiyar manhajar Linux, wato kernel, wadda kowace wayar Android ke tafiya a kanta.

A cikin waya akwai ƙananan na'urori masu daidaita ƙarfin lantarki, waɗanda ke karɓar wutar batir su raba wa kowane sashe gwargwadon buƙatarsa, wani bolt 1.8, wani 3.3. Tsarin da ke kula da su ya shiga Linux a shekarar 2008, ta hannun Liam Girdwood, kuma Mark Brown na cikin masu riƙonsa. Shekaru da dama, idan ɗaya daga cikin masu daidaita wutar nan ya ƙi tashi, abin da injiniya ke samu lamba ce kawai, kamar -110 ko -517, sai ya koma binciken ma'anarta. Na taɓa kwana biyu ina zargin wani allon cikin na'ura (board) da lalacewa, ashe -517 cewa take yi sashen yana jiran mai ba shi wuta ya shirya tukuna.

Yanzu al'amarin ya sauya. Saƙon kuskure na iya fitowa da sunan matsalar, misali ETIMEDOUT (wato lokacin jira ya ƙare) a maimakon -110, sannan fayil ɗin regulator_summary yana jera kowane mai daidaita wuta, da ƙarfin da yake bayarwa, da sassan da ke rataye a kansa, ta yadda mutum zai bi sawun matsala daga reshe har saiwa. Wannan yana da muhimmanci musamman saboda kernel na kashe duk mai daidaita wutar da ta ga ba a amfani da shi daƙiƙa 30 bayan kunnawa, abin da kan sa allon fuska ya ɗauke ba tare da dalili bayyananne ba.

Damuwata ita ce tun daga Android 11 an hana buɗe debugfs, wato ma'ajiyar bayanan binciken matsala ta kernel inda fayil ɗin yake, a wayoyin da ake sayarwa. Na fahimci cewa tsaron waya na cikin hujjojin wannan hani, amma mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano yakan koma lalube, ya cire IC ɗin wuta (ƙaramar na'urar da ke raba wutar) mai lafiya bisa zato, mai waya ya biya. Ina kira ga kamfanonin waya su samar da hanyar karanta wannan bayani kaɗai, ba tare da ikon canza komai ba, su kuma koya wa masu gyaranmu fassara shi.

Naka,
Wani injiniyan lantarki, Kano