Godiya ga Ma'aikatan Asibitin Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Assalamu alaikum.

Ina so in gode wa ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Dabbobi da ke Samaru a bainar jama'a, saboda abin da suka yi wa karena Zaki, wanda shekara 6 ke nan yana gadin garken tumakina.

Da 'yan ƙuraje abin ya faro, a doron hanci. Kafin wata guda ɓawo ya rufe masa kunnuwa, tafin ƙafarsa ya tsattsage, yana taka ƙasa kamar mai taka garwashi. Kowa ya gani sai ya ce ƙazuwa ce. Wani mai shagon maganin dabbobi ya sayar mini da allurar ivermectin har sau uku, bai taɓa fitowa ya dubi karen ba. Wani ya ce in shafa baƙin man inji. Na shafa, Allah Ya yafe mini, kwana ya yi yana kuka. Na ƙarshe cewa ya yi, "Malam, kare ne fa. Kai shi daji ka nemi kwikwiyo."

Da wannan maganar a zuciyata na isa Samaru, ina jiran a yi mini kallon mara aikin yi. Sai ga wata likita ta sa safar hannu, ta durƙusa gabansa, tana kiran sunansa. Ta kankari fata ta duba a madubin likita, ba ta ga ƙwarin ƙazuwa ba. Ta ɗaga ɓawo ɗaya ta ɗebi mugunyar da ke ƙarƙashi, daga baya aka yanki 'yar fata aka kai gwaji.

Ranar da sakamako ya fito ta zaunar da ni. Ta ce, "Baba, sunan cutar pemphigus foliaceus. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar fatarsa, kamar mai gadi ya koma dukan 'yan gida." Na tambaye ta yarana da tumakina fa? Ta ce ba a ɗauka. Wallahi sai a lokacin na ji numfashina ya daidaita.

Ta rubuta prednisolone, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, ta gargaɗe ni kada in tsayar da shi lokaci guda don na ga sauƙi, a hankali ake ragewa. Ta ce zai riƙa shan ruwa da fitsari da yawa, kuma in raba shi da zafin rana. Ba ta ɓoye mini ba cewa wataƙila ya sha magani har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayar da allura a kasuwanninmu kamar gyaɗa, ba gwaji, ba tambaya. Dabbobi nawa ake kashewa a haka?

Likita, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Ɓawon ya zube, gashi ya fara tsirowa a kunnuwansa, jiya da dare kuma na ji haushinsa a bakin garke.

Naku,
Wani makiyayi daga Giwa