Wasiƙa Zuwa Ga Yaya A Kan Hoton Da Kuka Gani

Paris, daren Lahadi, ƙarshen watan Nuwamba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da iyali, da Baba da Inna. Yaya ƙafar Baba? Yaya kaka, an gama kai gero rumbu? Mu nan sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar da rabi na yamma duhu ya rufe gari.

Na zaɓi in zauna in rubuta maimakon in yi ta aiko da saƙon murya guntu-guntu, don maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta wa Baba ita a natse bayan isha'i, ba a zaure cikin jama'a ba. Labarin hoton nan ya iso ni. An ɗauke ni ina tsaye bayan teburin tsire, ga kwalabe jere a bayana, hoton ya yi ta yawo a WhatsApp har ya kai Maraɗi, aka ce na buɗe mashaya a Faransa. Da ka ce mini Inna ta kwana biyu ba ta runtsa ba, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ka fara gaya musu wannan: ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, ban sayar ba, ban zuba wa kowa ba. Amma hoton ba haɗi ba ne. Ni ne a ciki, kuma kwalaben na giya ne. Ga yadda aka yi.

Ka san gidan abincin da nake aiki, na matar nan 'yar Senegal da ta riƙe ni kamar ɗanta tun zuwana. Yana gunduma ta 18, tafiyar 'yan mintuna daga kasuwar Château Rouge inda muke sayen kuɓewa da manja da busasshen kifi. Jikin bangonmu akwai wani ɗan shago na wata Bafaranshiya mai kimanin shekarun Gwaggo. Giyar inabi take sayarwa, irin masu shagon da ake kira kabis a nan. Ba wurin zaman sha ba ne, mutum ya sayi kwalba ya tafi da ita gida. Mutuniyar kirki ce. Lokacin da nake fama da takardun zama, ita ta zauna da ni dare biyu tana karanta mini wasiƙun ofis tana fassara mini faransancinsu mai wuya, ko sisi ba ta karɓa ba.

A wata sau biyu, ranar Alhamis da daddare, tana tara abokan cinikinta na unguwa su ɗanɗana abin da ta sayo. Watan Satumba ta leƙo kicin ta ce ƙamshin tsirena ya hana ta sakat, in yi mata na mutum goma sha biyar za ta biya. Uwar ɗakina ta amince. Na gasa, na kai, na tsaya ina yankawa ina barbaɗa yaji, har aka tashi. Abin da na gani a wannan daren shi nake so ka ji dalla-dalla, don ya saɓa da abin da muka saba gani a bayan tasha.

Babu kujera. Tsohuwar ganga ce ta katako aka kifa a tsakiyar shago ta zama tebur, mutane suka kewaye ta a tsaye, galibinsu dattawa, da wasu matasa mata da miji. Kwalba shida aka buɗe wa mutum goma sha biyar, ana tsiyaya wa kowa abin da bai wuce kaurin yatsa biyu ba a gindin kofin gilashi mai doguwar ƙafa. A ƙafar ake riƙe shi, don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Sai mutum ya karkata kofin a kan farar takarda ya duba launi, ya jujjuya shi, ya cusa hanci ya shaƙa ya lumshe ido, ya kurɓa kaɗan ya wasa da shi a baki, sannan da yawansu su tofar a wani bokitin ƙarfe da aka ajiye don haka. Tsakanin kwalba da kwalba a ci ɓallin burodi a sha ruwa. Da fara ake farawa a ƙare da ja, daga mara ƙarfi zuwa mai ƙarfi. Ban ga wanda ya yi tangaɗi ba, ban ji ashar ba. Na san wannan bai halatta ta ba, kuma su kansu sun san illarta: tun 1991 suke da doka mai taƙaita tallar giya, kowace talla sai an rubuta gargaɗi a kanta, yanzu kuma ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da idona ya gani ne kawai nake faɗa maka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hirarsu. Manomin da ya yi giyar da kansa ya zo daga yankin Beaujolais, arewa da birnin Lyon, hannunsa duk kanta kamar na Kawu. Ya fi rabin awa yana maganar gonarsa: wace fuska take kallo, ƙasarta tsakuwa ce ko laka, sanyin wace shekara ya ƙone toho, ƙanƙarar wane wata ta zubar da 'ya'ya. Irin inabinsu gamay ake ce masa. Jikin kowace kwalba akwai sunan wurin, da shekarar girbi, da sunan manomi. Tun 1935 suka kafa hukumar da ke tsare waɗannan sunaye, ta yadda ba ka isa ka kira abinka shamfen ba sai in daga yankin Champagne ya fito. Ina tsaye da wuƙa a hannu sai na tuna Baba a rumfar goro, yadda yake ɗaukar ƙwaya ɗaya ya ɓare ya shinshina, ya faɗi inda ta fito da ko daushe ce ko sabuwa tun bai kai ta baki ba. Na tuna yadda Inna take damƙar gero a kasuwa ta murza ta ce wannan na jigawa ne. Mu ma muna da wannan sanin. Duk wanda ya ci albasar Galmi ko tattasan Diffa ko ya lasa gishirin Bilma ya san ƙasa tana da baki. Bambancin kawai su sun rubuta nasu a jikin kaya, suna kuma cin kuɗinsa.

Da na koma ɗaki na kasa barci. Karatun da Baba ya yi mana ya dawo mini, hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da wanda aka ɗauko wa da mai shayarwa da mai cin kuɗinta, da kuma wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ban zauna ba, ban sha ba, amma ina cikin ɗakin tun farko har ƙarshe. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu: wata rana motar kaya ta zo, na ga mai shagon tana ɗingishi da katan ɗin giya, na karɓa na shigar mata guda biyu. A lokacin taimakon maƙwabciya kawai na gani. Daga baya na yi ta istigfari.

Washegari na same ta na faɗa mata gaskiya, gabana yana faɗuwa don kada ta ɗauka raini ne bayan duk alherinta. Ta saurare ni har na gama, ta ce a cikin masu saye a wurinta akwai waɗanda ba sa cin naman alade, akwai waɗanda ba sa cin nama sam, ba ta taɓa jin haushin kowa ba. Muka yi shiri: in gasa a kicin ɗinmu, in miƙa mata a bakin ƙofa kafin mutane su taru, in juya. Katan kuwa ta ce kada in ƙara taɓawa. Haka muke har yau.

Hoton kuma daga bikin watan Oktoba ne. Unguwar Montmartre, kan tudun da ke samanmu, tana da 'yar gonar inabi a tsakiyar gidaje, wadda ba ta kai garkar Kawu ta fadama girma ba. Hukumar birni ta dasa ta a 1933, tun 1934 kuma ake yi mata bikin girbi. A ƙarƙashin ginin ofishin magajin gundumarmu ake matse inabin, kuɗin kwalaben kuma ayyukan taimakon mabuƙata ake sa su. Kwana biyar ake yi ana shagali, da jerin gwano na ƙungiyoyin manoma da masu cuku cikin dogayen riguna masu launi, da rumfunan abinci kewaye da babban cocin Sacré-Cœur. (Wani abin mamaki, unguwar da baƙar fata da Larabawa suka fi yawa a nan, mai masallatai da mahautan halal, sunanta Goutte d'Or, wato ɗigon zinariya, kuma daga wata farar giya da ake yi a wurin a zamanin da sunan ya samo asali.)

A makon bikin 'yan kasuwar layinmu suka nemi izini suka fito da tebura bakin titi: mai burodi, mai cuku, mai kifi, mai shagon giya, da mu. Kowa da teburinsa, kowa da asusunsa. Namu ya faɗo dab da tagar shagonta, shi ya sa kwalaben suka fito a bayana. Na yi tsire, na yi kilishi, na haɗa zoɓo da lemon citta. Kilishin ya ba ni wahala, don babu ranar da za ta busar da nama a nan. A tanda na shanya shi da wuta ƙasa-ƙasa, ƙofa a ɗan buɗe, kusan kwana guda, sannan na tsoma shi a labu na mayar. Bai kai na gida ba, amma kafin la'asar ko ɓalli bai rage ba. Zoɓon kuwa layi aka yi masa: mata masu ciki, yara, masu tuƙi, 'yan uwa Musulmi da suka zo kallo ba su da abin sha, har da tsofaffin da likita ya hana giya.

Da yamma ta yi, maƙwabciyar tawa ta zo da wankakken kofinta mai doguwar ƙafa ta ce in zuba mata zoɓo. Ta ɗaga shi sama ta duba jansa, ta jujjuya, ta shinshina. Ta ce akwai kanumfari, akwai citta, akwai kuma wani abu mai ɗan yaji a can baya da ba ta sani ba. Masoro ne. Sai ta tambaye ni a wace gona aka noma furen, kuma na wace shekara ne. Yaya, na yi shiru. A leda na saye shi a kasuwa, babu suna babu ƙasa. Ni da na tashi ina tsinkar zoɓo tare da Inna a gefen gonar gero har yatsuna su yi ja, na kasa faɗin inda nawa ya fito. Ta ce mini ranar da na samo wanda na san gonarsa, in rubuta sunan ƙauyen a allo in kafa a kan tebur, mutanen unguwar nan za su tsaya su tambaya, kuma za su biya.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko, idan Inna ta tsinke zoɓon bana, a ware mini tiya biyu a shanya a inuwa kada ya koɗe, a haɗo da ƙuli-ƙuli da masoro da kimba, a ba ɗan Gwaggo idan zai dawo. Kada a saka nama ko cuku ko kaɗan, doka ta hana matafiyi shigo da su Turai, a filin jirgi ake ƙwacewa. Kuɗin Inna daban zan aiko, kuma farashin nan zan biya ta, ba na kasuwar gida ba.

Na biyu shi ne mafi nauyi. Alhamis ta uku a watan nan aka fito da sabuwar giyar Beaujolais, kamar yadda suke yi kowace shekara, na miƙa tsire a bakin ƙofa na juyo. A watan Disamba kuma maƙwabciyar tawa tana shirya babban taro kafin Kirsimeti, ta riga ta nemi in yi na mutum talatin. Ban ba ta amsa ba. Na tambayi limamin masallacinmu ya ce nama halal ne cinikinsa halal ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba, don na san da me za a ci shi. Ina so Baba ya duba mini: sayar da abinci ga wanda na san zai haɗa shi da giya, alhali ba na wurin, ya halatta ko in bari? Rabona na kuɗin daren farko yana cikin ambulan a ƙasan akwati ban taɓa shi ba, kuma ba ya cikin abin da na aiko muku watan jiya. Idan Baba ya ce in bari, zan bari, in san yadda zan faɗa mata ba tare da na ɓata maƙwabtaka ba. Ka daure ka aiko mini da amsarsa kafin ranar 10 ga wata.

Ka durƙusa ka gaishe mini da Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, ta ci gaba da sa mini albarka, zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka gai da Kawu da Gwaggo, da matarka da yara duka. Takalman makarantar da na yi wa auta alkawari suna nan na saya.

Wassalam,
Ƙaninka.