Littattafan intanet: haya muke yi, ba mallaka ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. Ɗalibaina yanzu sun fi karatu a waya fiye da takarda, kuma ina murna da hakan. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Yawancin littattafan intanet da ɗakunan karatu ke ba mu aro, ba nasu ba ne. Lasisi suke biya wa mawallafi, in wa'adi ya cika ba a sabunta ba, littafin ya ɓace. A 2011 kamfanin wallafa littattafai na HarperCollins ya ƙayyade cewa littafi ɗaya sau 26 za a are shi, sannan a sake biya. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa na intanet, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗuwa.

Mu kuwa a Zango, waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, har yau ana karanta su, domin almajirai sun kwafe su da hannu, gida-gida, cikin gafaka.

Don haka ina roƙon Hukumar Ɗakunan Karatu ta Ghana da jami'o'inmu, duk yarjejeniyar da za su sa wa hannu, su nemi haƙƙin ajiye kwafi na dindindin, a wurare daban-daban. Rubuce-rubucen ajami da ke hannun tsofaffinmu kuma a fara ɗaukar hotonsu tun masu iya karanta su suna raye.

Wassalam,
Malamin makaranta, Aboabo, Kumasi