Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan zanzaro da gizo-gizo

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko gaskiya ne akwai ƙwaron da ke sa gizo-gizo ya yi masa aiki kafin ya kashe shi, kuma ta yaya tsutsa da ba ta da wayo za ta koya wa gizo-gizo saƙa. Gaskiya ne. Amma ba koya masa take yi ba, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki.

Wani masanin kimiyya mai suna William Eberhard ne ya bayyana lamarin a mujallar Nature a 2000, bayan ya lura da wani ɗan zanzaro a ƙasar Kosta Rika. Macen takan harbi gizo-gizo ya suma na ɗan lokaci, ta manna masa ƙwai ɗaya a kan cikinsa, ta tafi. Gizo-gizo ya farfaɗo ya ci gaba da saƙarsa kamar ba abin da ya faru. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta lafe a jikinsa tana tsotsar ruwan jikinsa kusan mako biyu.

Daren ƙarshe ne abin tausayi. Maimakon yanar nan mai zagaye da yake kama ƙudaje da ita, sai ya yi ta maimaita matakin farko na saƙa, zare kan zare, har ya samar da 'yan igiyoyi ƙarfafa da ba sa kama komai. Yana gamawa, tsutsar ta kashe shi, ta tsotse shi ƙaf, ta yar da gawar, ta saƙa wa kanta kwanso a jikin igiyoyin, inda ruwan sama mai ƙarfi ba zai kayar da ita ba.

Eberhard ya cire tsutsar kafin ta yi kisan. Gizo-gizon ya saƙa wannan baƙuwar yana duk da haka, sai bayan kwanaki ya dawo hayyacinsa. Ke nan wani sinadari ne ta zuba masa a jiki.

A 2015 Keizo Takasuka da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa yanar da wani gizo-gizo ke yi wa tsutsa ta yi kama da wadda yake yi wa kansa idan zai yi saɓa, lokacin da jikinsa ya yi laushi yana buƙatar mafaka. Masu bincike a Birazil kuma sun iske sinadarin saɓa ya ƙaru a jikin wasu da tsutsa ta hau. Ka ga amsarka: dabarar tasa ce tun asali, tsutsar tana tayar da ita ne a lokacin da ta ga dama.

A Ekwado akwai gizo-gizon da ke zama cikin jama'a, da wuya ɗaya ya bar 'yan'uwansa. Wanda tsutsar ta hau yakan fice shi kaɗai, ya saƙa ɗan ɗaki rufaffe a gefe, ya zauna ciki har ta cinye shi.

Wassalam.